Sunan Yanka da Sunan Haya: Kofin Afirka a Bakinmu

Duk wanda ya buɗe kundin hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, zai tarar an rubuta cewa Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin nahiyar ta shekarar 2021. Mu kuwa da abin ya faru a ƙofar gidanmu mun san ko wasa ɗaya ba a buga a 2021 ba. Ranar 9 ga Janairun 2022 aka take ƙwallon farko a filin Olembe da ke Yawunde, inda muka doke Burkina Faso da ci biyu da ɗaya, ranar 6 ga Fabrairu kuma Senegal ta ɗaga kofin bayan ta fitar da Masar a bugun fenariti. Amma tikiti da riguna da allunan kan titi, har da lambar da aka rataya wa 'yan wasa a wuya, duk 2021 suke ɗauke da ita.

Dalilin a fili yake. Tun asali gasar 2019 aka ba mu, aka karɓe ta a watan Nuwamban 2018 saboda ayyuka ba su kammala ba, aka miƙa wa Masar, mu kuma aka ce mu jira ta gaba. Ta gaban ce annobar korona ta tura ta da shekara guda. Kafin nan kuwa an riga an yi wa sunan rajista, an ƙulla yarjejeniyoyi da shi, an buga kaya masu yawa da shi, sauya lamba ɗaya tak zai jawo asarar da babu mai son ɗauka. Turawa ma haka suka yi da gasarsu ta 2020 da aka buga a 2021, haka aka yi da wasannin Olamfik na Tokiyo. Kwaddibuwa da ta biyo bayanmu, gudun damina ya sa ta buga gasar 2023 a farkon 2024. Sunan gasa ya zama haja, hajar da ta fi kalanda ƙarfi. Yaron da aka haifa a Garwa a makon da Najeriya ta doke Masar, in ya girma aka ce masa lokacin Kofin Afirka na 2021 aka haife shi, sai ya ƙara wa kansa shekarar da bai rayu ba.

A wajenmu suna ba abin wasa ba ne. Ana jiran kwana bakwai, a tara jama'a da sassafe, a raba goro, uba ya raɗa wa liman, a yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, a yanka rago. Wannan shi ne sunan yanka, da shi za a ɗaura wa mutum aure, da shi za a yi masa addu'a bayan ransa. Daga baya laƙabi ya biyo: na ranar haihuwa kamar Ɗanladi da Balarabe da Jummai, na alkunya da uwa ke sakaya sunan ɗan fari ko na suruki, na sana'a, na wata ɗabi'a da abokai suka ga ta dace da mutum. Magabata suka ce suna linzami ne. A duk waɗannan babu sunan da ake sa wa mutum na shekara takwas a kan kuɗi kaza, in wa'adi ya cika a cire a maƙala wani. Wannan nau'in, sunan haya, ƙwallon zamani ce ta zo mana da shi.

Gasar ta Afirka tana da nata sunan yanka, kuma an raɗa shi ne a Khartum cikin Fabrairun 1957, lokacin da yawancin ƙasashen nahiyar ba su sami 'yanci ba. Ƙasashe uku kaɗai suka buga: Masar da Sudan da Habasha. Ta huɗu, Afirka ta Kudu, ba ta shiga ba saboda ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙi da farare. Kiran wannan ɗan taro Kofin Ƙasashen Afirka a wancan lokaci kusan fata ne aka yi, irin yadda ake sa wa jariri sunan babban malami da burin ya gaje shi. Kofin kansa ya ci sunan Abdel Aziz Abdallah Salem, Bamisiren da ya fara shugabantar CAF. Gana ta riƙe shi dindindin a 1978 bayan ta ci sau uku. Wanda ya gaje shi aka kira shi Kofin Haɗin Kan Afirka, shi ne kuma ya zama namu har abada a shekarar 2000, bayan nasarorin 1984 da 1988. Ba sai mun tuna wa 'yan uwanmu na Yola da Mubi da Kano cewa duka ukun a hannun Najeriya muka karɓa ba, na ƙarshen ma a Legas. Su ne suka fi mu tunawa. Abin lura dai shi ne waɗannan sunaye biyu, na mutumin da ya yi hidima da na aƙidar da ake fata, ba wanda ya biya kuɗin hayarsu.

Sai zamani ya juya. A 2006 da 2008 sunan MTN ne a gaban na gasar. Daga 2010 zuwa 2015 Orange ta karɓa. Ga mutumin Kamaru wannan sauyi yana da ban dariya, domin layukan waya biyun da ke cikin aljihunsa ne suke karɓa-karɓa da kofin nahiya, kamar kishiyoyi da ranar girki. A watan Yulin 2016 kamfanin mai na Faransa, Total, ya ƙulla yarjejeniyar shekara takwas da ta haɗa manyan gasannin CAF, har da na zakarun kulob-kulob. A 2021 kamfanin ya sauya wa kansa suna zuwa TotalEnergies, gasar ma dole ta bi shi. Wato wani taron masu hannun jari da aka yi a Faransa shi ya tsawaita sunan gasar Afirka da gaɓoɓi uku, ba tare da an tambayi ko ɗan kallo ɗaya ba.

Duk waɗannan yarjejeniyoyi, daga ta MTN har ta Total, a zamanin ɗan garinmu aka sa musu hannu. Marigayi Issa Hayatou, ɗan Lamiɗon Garwa, ya riƙe CAF daga 1988 zuwa 2017, ya sami gasar da ƙasashe takwas ya bar ta da goma sha shida. Masu yabonsa da masu sukarsa sun yarda a kan abu ɗaya: ya tarar da hukuma matalauciya, ya mayar da ita mai kuɗi, kuma hayar suna na daga cikin hanyoyin. Ba za mu yi munafuncin cewa kuɗin ba su da amfani ba. Senegal ta tafi gida da dala miliyan 5 a 2022, Kwaddibuwa ta sami miliyan 7 a 2024. Jiragen da ke ɗaukar alƙalan wasa, kyamarorin da ke kawo mana hoto har cikin rumfunan kallo na Marwa da Ngawundare, gasannin matasa da na mata da ba sa tara 'yan kallo, wani ne ke biya. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Askin a nan shi ne duk mai sharhi a talabijin da duk jami'in da ya tsaya gaban makirfo sai ya fara da sunan kamfanin kafin ya ambaci Afirka. Akwai masu fafutukar kare muhalli da suka daɗe suna ƙorafin cewa kamfanin mai yana wanke sunansa ne da farin jinin ƙwallo, musamman saboda bututun da yake shimfiɗawa daga Yuganda zuwa Tanzaniya. Mu a Arewa abin ya fi kama da almara: rabin baburan da suka kai mutane filin wasa a Garwa da zuwa-zuwa suke tafiya, man kwalba na bakin titi da ke tsallako iyaka, ba na gidan man da sunansa ke kan tikiti ba.

Sai dai akwai wurin da yarjejeniya ba ta kaiwa, wato bakin mutane. Tun daga Briqueterie a Yawunde har New Bell a Duwala, ba mu taɓa jin mai shayi ko mai tsire ya ce zai rufe da wuri don kallon gasar TotalEnergies ba. Kofin Afirka muke cewa, ko mu ari gajeren sunan Faransanci mu ce CAN. Harshenmu ya daɗe yana yi wa gasannin duniya wannan hidima, kuma gidajen rediyon Hausa sun taimaka ƙwarai. Gasar Ingila ta zama Firimiya. Babbar gasar kulob-kulob ta Turai ta zama ta Zakarun Turai, kalmar da ta fi ta asalin armashi, domin zakara a wajenmu shi ne wanda in ya yi cara sauran su yi shiru. Tsohon kofin hukumar ƙwallon Ingila kuwa Kofin Ƙalubale muke ce masa. Waɗannan laƙubba ne, ba a biya kowa ya ƙirƙire su ba, shi ya sa ba sa ƙarewa da wa'adi.

Amma kada mu yi saurin murna, domin akwai gasar da sunan haya ya cinye na yankanta ɗungurungum. Ƙaramin kofin Ingila, wanda kulob-kulob ɗin manyan rukunai ke bugawa, ya taɓa zama kofin madara, ya zama na Coca-Cola, ya zama na giya iri biyu, Worthington da Carling, ya zama na kamfanin bashi, yau kuma tun 2017 Carabao ake kiransa, sunan wani abin sha na ƙasar Tailan. Ko a Hausa Kofin Carabao muke cewa, saboda ba mu tarar da wani tsayayyen suna da za mu fassara ba. Dattijon da ya kalli wannan kofi a zamanin Carling da jikansa da ke kallonsa yau sai sun yi dogon bayani kafin su gane abu ɗaya suke nufi. Gasar Faransa, wadda da yawanmu ke bi saboda 'yan wasanmu da ke can, cikin shekaru kaɗan ta ɗauki sunan kantin kujeru da gadaje, ta koma na masu kai abinci gida, tun 2024 kuma McDonald's ne. Firimiya ita ce ta nuna inda gizo ke saƙa. Ta yi shekaru da sunan Carling, ta yi da na bankin Barclays, sai a 2016 ta ce ta daina ba da hayar sunanta, ta tsaya da kan zakinta mai kambi. Ta iya yin haka ne don kuɗin talabijin sun ishe ta. A kasuwar ƙwallo, zama da sunanka na yanka ya koma gatan mai arziki.

Akwai kuma ɓangaren da ya taɓa mu kai tsaye a matsayin Musulmi. Babbar gasar maza ta ƙasarmu MTN Elite One ce, wannan ba ya damun kowa. Ta mata kuwa sunan Guinness take ɗauke da shi. Uban da ke Arewa wanda 'yarsa ke da baiwar ƙwallo dama yana fama da surutun dangi da na maƙwabta, sai ga shi an ƙara masa da cewa gasar da za ta shiga sunan giya gare ta, kuma tambarin zai bayyana a bayanta duk hoton da aka ɗauka. Ba mu ce kamfanin bai taimaki ƙwallon mata ba, ya taimaka a lokacin da wasu suka kau da kai. Abin da muke cewa shi ne wanda ya zaɓi suna ya zaɓi waɗanda za su ji daɗin furta shi da waɗanda zai yi wa nauyi a baki. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi da Nima sun ɗanɗana irin wannan a 2022, lokacin da gasar Gana ta ɗauki sunan kamfanin caca.

Mu koma ga tambari. Kalmar da muke amfani da ita ga alamar kamfani ko ta gasa ita ce dai kalmar gangar nan ta sarauta da ba a kaɗa wa kowa sai sarki, kuma aikinsu ya yi kama: wanda ya ji ko ya gani ya san ƙasar wa ya shigo. Turawa sun fahimci haka sarai a 1992, lokacin da suka sauya wa kofinsu suna, suka zana ƙwallo da taurari takwas, suka haɗa masa take da aka gina a kan wani tsohon kiɗan naɗin sarautar Ingila. Fiye da shekara talatin ke nan ba su taɓa ainihin zanen ba. Yau almajirin da bai iya karanta boko ba yana gane taurarin nan daga nesa, yana iya zana su da gawayi a bango. Kofin Afirka kuwa kowace gasa da nata ado, mai masauki ke kawo launinsa da dabbarsa da kalmarsa. Wannan yana da kyawunsa, domin nan ne kaɗai ƙasa ke samun damar cewa ga ni, bayan kamfani ya riga ya kama gaban suna.

Nan ne kuma abin ya fi ɗaukar hankalinmu. Ƙasa mai harsuna fiye da 200, in aka ce ta zaɓi kalma ɗaya da tufa ɗaya ta nuna wa duniya, wace za ta ɗauka? Kamaru ta yi dodon gasa, irin wanda mutum ke shiga ciki yana rawa a bakin fili, ta yi shi zaki, ta sa masa suna Mola. Kalmar ta mutanen gindin dutsen Kamaru ce a yankin Kudu maso Yamma, tana nufin kawu ko babban mutum, daga baya ta shiga bakin matasan birane da ma'anar aboki. Ƙwallon gasar kuma aka kira ta Toghu, sunan rigar nan ta baƙin karan-miski mai surfani ja da rawaya da fari, ta mutanen tsaunukan Arewa maso Yamma. Duka biyun daga yankunan masu magana da Ingilishi suka fito, yankunan da suke cikin rikici da zubar da jini tun 2016 da 2017. Ba ma ɗaukar wannan a matsayin katari. Saƙo ne na cewa ku namu ne, kuma a ganinmu zaɓin ya dace, don in gida na da mara lafiya shi ake fara shimfiɗa wa tabarma. Sai dai zane bai iya rufe abin da ke ƙasa ba. A watan Disamban 2021 duniya ta ga hoton Mola a Bamenda sanye da rigar sulke a kan kayan wasansa, sojoji riƙe da bindigogi suna kewaye da shi. Babu mai zanen da ya tsara wannan hoto, amma ya fi kowane tambari faɗin halin da ƙasar ke ciki.

Wasu ƙasashen sun yi nasu zaɓin. Kwaddibuwa ta yi giwa mai suna Akwaba, kalmar maraba, ta sa wa ƙwallonta Pokou don tunawa da Laurent Pokou, wanda ƙwallayensa 14 suka daɗe suna kan gaba a tarihin gasar har Samuel Eto'o ya wuce su a 2008. A waccan gasa ta 2008 Gana ta ɗauko sunan ƙwallo daga alamomin adinkra na Akan, Wawa Aba, wato ƙwayar itacen wawa, alamar tauri da juriya. Ma'ana ce mai kyau, amma a kunnen Bahaushe sunan da ya fara da wawa sai a hankali, kuma ba ma shakkar an sha dariya a zango. Darasin da masu zane ke koya daga irin wannan shi ne kalma ba ta tsayawa a harshen da aka ɗauko ta.

To mu ina muke a cikin adon 2021? A kan takarda, babu. Ba mu kuma yi mamaki ba. Tsiraru ne mu, ko a Arewar ma Fulfulde ce harshen kasuwa, ga Kanuri da Larabcin Shuwa da Tupuri da Masa da Mafa da sauransu, kowa na iya ɗaga hannu ya ce an manta da shi. Amma in aka ɗauki Arewa gaba ɗaya, abin da ta bayar ya fi abin da aka nuna. Zakin da ke ƙirjin rigar ƙasa, wanda tun 1972 a zamanin Ahmadou Ahidjo ake kiran tawagarmu da sunansa, Zakunan da Ba Sa Horuwa, ba a kurmin Kudu yake zaune ba. Zakunan da suka rage a Kamaru suna dazukan Waza da Binuwai da Bouba Ndjida da Faro ne. Mola ɗan Arewa ne da aka raɗa wa sunan bakin teku. Wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar, Vincent Aboubakar, da ƙwallaye takwas, a Coton Sport ta Garwa ya tashi. Filin Roumdé Adjia, wanda sunan unguwa kawai yake ɗauke da shi, shi ya sauki Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau, kuma duk wanda ya shiga ya ji yadda Hausa da Fulfulde suka cika wurin, har 'yan wasan Najeriya suka zama kamar a gida suke kafin Tunisiya ta sallame su. Abin da tambari bai ɗauka ba, makirfon talabijin ya ɗauka.

Ambaton Coton Sport ya kawo mu ga wani abu da ke hana mu yanke hukunci ɗaya a kan sunayen kamfanoni. Wannan kulob, da aka kafa a 1986, sunan auduga yake ɗauke da shi saboda kamfanin Sodecoton ne ya haife shi. Ya ci gasar ƙasa sau da yawa, ya kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008 inda Al Ahly ta Masar ta rinjaye shi. Ba wanda ke jin sunan a matsayin talla. Auduga ce manoman yankin ke shukawa, ita ke biyan kuɗin makaranta da sadaki, kuma sunan bai motsa ba kusan shekara arba'in. Kamfani ne ya raɗa, amma ya yanka rago ya zauna ya yi reno. Bambancinsa da wanda ya kama ɗaki na shekara huɗu ya tafi da allonsa a bayyane yake.

Misali mafi kusa da zuciyarmu yana Nijar. Tun 1975 ake gasar kokowa ta ƙasa a can, jihohi na karɓar baƙunci bi da bi, kuma duk wanda ya kayar da kowa a naɗa shi sarki a miƙa masa takobi. Takobin shi ne kyauta, shi ne tambari, shi ne sunan gasar. Kamfanoni da attajirai da gwamnatoci suna zuba kyaututtuka, ana kiran sunayensu a lasifika, ana rataya ƙyallayensu a kewayen fili, gwamnatoci sun zo sun wuce, amma ba wanda ya iya shiga gaban takobin. Tsoho a Maradi ko Tawa zai lissafo maka wanda ya ɗauki takobi shekara bayan shekara, da garin da aka yi, da wanda ya kayar, saboda igiyar da ya ɗaure tunaninsa da ita ba a taɓa tsinka ta ba.

Wannan igiya ce muka rasa a gasanninmu na unguwa. Kowane dogon hutu, daga Yuni zuwa Agusta, filayen makarantu da na bayan kasuwa suna cika da gasar hutu, kuma a nan ne yaranmu ke fara sanin daɗin a kira sunansu a lasifika. Amma dubi yadda ake sa musu suna. Bana kofin ɗan majalisa wane, baɗi na Alhaji wane da ya dawo daga fatauci da albarka, shekarar zaɓe kuma na mai neman kujerar magajin gari. Ƙyallen da ake ratayawa, taurarin Zakarun Turai ne aka kwafo daga intanet, aka ɗora hoton mai ba da kofi har ya fi ƙwallon girma, aka rubuta komai da Faransanci. Ƙungiyoyin kuwa Chelsea ce ke karawa da Barcelona, duk 'yan layi ɗaya. In mai kofin ya faɗi zaɓe ko kasuwa ta juya masa baya, gasar ta mutu da sunansa, a sake wata daga farko kamar ba a taɓa yi ba. Unguwar da ta yi shekara talatin tana buga ƙwallon hutu ba ta da gasar da ta kai shekara biyar. Tambayi wanda ya ci kofi shekara goma da suka wuce, sai gardama ta tashi a kan wane kofin ake nufi.

Ba muna cewa a kori masu hannu da shuni ba ne. Su ke sayen riguna da raga da ragon da ake ba zakara, kuma neman suna ta hanyar alheri tsohuwar ɗabi'armu ce, maroƙa ma da ita suke ci. Matsayin sunan ne abin gyara. Gasa ta ɗauki sunan unguwa, ko na wani abu da unguwar ta san kanta da shi, ko na wani dattijo da ya rasu wanda ba ya neman ƙuri'ar kowa, sannan a rubuta a ƙasa cewa bana wane ne ya ɗauki nauyi. A ƙidaya ta: karo na ɗaya, na biyu, na goma sha biyar. A sami littafi guda a hannun mai unguwa ko limamin masallacin Juma'a, a riƙa rubuta zakaran kowace shekara da wanda ya fi zura ƙwallo. Attajiri mai hankali ma zai fi son a ce shi ya ɗauki nauyin karo na ashirin na gasar da kowa ya sani, a kan ya kafa sabuwar da za ta mutu kafin kaka.

Batun zane kuwa ba mu da uzuri ko kaɗan. Al'ummar da ta fitar da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zanen hular da masu ɗinki ke yi a zaure, da adon sirdi da na tandu da na faifai, da zayyanar allon saukar karatu, ba ta rasa abin da za ta ɗora a kan ƙyalle ba. A Briqueterie kaɗai akwai masu surfanin da manyan Yawunde ke layi a shagunansu. Ɗaya daga cikinsu zai iya zana wa gasar unguwarsa alamar da yaro zai kwaikwaya da gawayi, in dai an tambaye shi. Mai buga ƙyallen talla da awon mita yake karɓar kuɗi, bai damu da wane harshe aka rubuta ba, na'urarsa kuma tana fitar da ƙ da ɗ da ɓ in an ba ta. Kwamitocin gasar hutu galibi a watan Mayu suke fara zama, kafin a rufe makarantu, kuma maganar suna ita ce ake yankewa cikin minti biyar bayan an ji nawa mai kofi zai bayar. A bana a fara da ita, tun kafin a aika masa da takardar neman taimako.